Kafin sana'a ta tsere miki: karatun da mace ke yi wa kanta



Wata Alhamis bara, muna zaune ƙarƙashin dogon yaro ana kiran sunaye don zubi, sai aka zo kan wata dattijuwa da muke kira Inna. Sati na uku ke nan ba ta zuba ba. Duk wadda ta san ta ta san ba halinta ba ne: shekara fiye da ashirin tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da su ta aurar da ɗiyanta uku. Da aka watse na bi ta har ƙofar gida.

Na ce, "Inna, lafiya dai? Ko jikin ne?"

Ta ce, "Jiki lau, ɗiyata. Hannuna bai mance aikin ba. Masu saye ne suka mance ƙofata."

Man jarka da ake kawowa daga waje ya cika kantuna. Yaran da ke yi mata talla sun shiga lekol. Wata matashiya a bayan layinsu tana ɗaukar hoton kayanta da salula, ana kiranta daga gida, ɗan kabu-kabu ya kai. Inna ba ta yi laifin komai ba, kasuwa ce ta juya tana tsaye. Maganarta ce ta sa na zauna na rubuta wannan, don na san a kowace ƙungiya, daga Tawa har Damagaram, akwai mai irin wannan damuwa ko wadda take gab da shiga cikinta.

Sana'o'in da muka ga mutuwarsu

Mu da muka haura arba'in ba sai an ba mu labari ba. Mun san mata masu dakan kuɗi, injin niƙa ya kore su. Mun san masu sayar da kananzir kwalba-kwalba da magariba, fitila mai batir da ta hasken rana suka rufe musu kasuwa. Mun san ɗakunan buga waya inda ake biya minti-minti, salula ta shigo, babu ko ɗaya yanzu. Mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya naɗe tabarmarsa. Kuɗin da ake ba direba cikin ambulan ya kawo daga Yamai ko daga bakin teku, yau ta Nita ko Amana ko Al Izza suke zuwa cikin minti kaɗan.

Iyaka ma ta koya mana darasi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. A 2023 aka cire tallafin man fetur can, ƴan ruwa-ruwa suka ji a jikinsu, naira kuma ta yi ta faɗuwa. Bayan 26 ga Yuli na wannan shekara sai ga takunkumin CEDEAO, aka sake rufe hanya wata da watanni. Duk macen da jarinta kaf ya dogara ga sarin kaya daga Jibiya ko Kano ta san abin da ta gani.

Aikin gwamnati kuwa, kowa ta ga yawan matasan da ke tururuwa in an buɗe konkur, da ƴan guraben da ake nema. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Waɗannan yara duka suna tafe, kowane zai nemi abin yi.

Sai dai inda wata sana'a ta mutu, wata ta tsiro. Akwai masu cajin salula da hasken rana, masu zama gishe suna aika kuɗi, masu sa garin kunu da ɗanwake da dambu cikin leda mai suna, masu busar da zogale da tumatir, masu sabulun ruwa, masu ɗinkin da ake zaɓar samfurinsa a waya. Abin lura shi ne, kusan duk sababbin nan suna son abu uku: a iya karatu ko kaɗan ne, a iya lissafi a rubuce, a iya taɓa salula. Kuma babu makarantar da za ta buɗe mana, mu manya masu goyo da tukunya bisa wuta, ta koya mana su daga safe zuwa azahar. Dole mace ta zama malamar kanta.

Abin da nake nufi da koya wa kai

Ni ban yi lekol ba. Ina da ɗiya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wata huɗu muka yi cikin rani, damina ta faɗi, kowa ta koma gona, malamar ta tafi. Mu talatin muka fara. Bayan shekara biyu, waɗanda ke iya karanta wasiƙa cikinmu ba su kai goma ba. Sauran kansu bai fi namu tauri ba, sun dai aje allo ranar da aka rufe aji.

Abin da ya cece ni, na maida duk abin da idona ya gani littafi. Buhun shinkafa, kwalin magani, allon farmasi, lambar mota, katin awon ciki, tsohon kayen ɗana na aji biyu. In na kasa wata kalma, in tsaida yaro in tambaye shi. Ya yi dariya, ya faɗa mini, in wuce. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi. To mu da ba mu da gemun ma, mene ne hujjarmu?

Koya wa kai shi ne ki san abin da kike nema, ki nemo wanda ya sani, ki tambaya, ki gwada da hannunki, ki rubuta abin da ya fito. Ba lalle sai da babbar salula ba, ba lalle sai da Faransanci ba.

Na farko: dala a baki, faranka a rubuce

Mu a baki dala muke ƙirgawa, amma takarda da salula faranka suke rubutawa. Dala ɗaya faranka 5 ce. In kika ga 100 a rubuce, dala ashirin ce. In kika ga 500, dala ɗari ce. 1.000 jikka guda. 2.500 jikka biyu da rabi, wato dala ɗari biyar. Daga rubutu zuwa baki a raba gida biyar, daga baki zuwa rubutu a ninka sau biyar.

Wata cikinmu ƙanenta ya buga mata waya ya ce ya aiko ɗari biyar, yana nufin dala. Ta aiki wani yaron unguwa ya karɓo. Ya kawo mata 500, ta yi godiya, har ta ba shi tukuici. Jikka biyu ta tafi haka nan, ba ta gane ba sai bayan wata guda. Da ta iya karanta saƙon da ya shigo wayarta, da hakan bai faru ba. Wadda ke son zama gishe, ko riƙon kayen ƙungiya, ko karɓar oda daga nesa, nan za ta fara.

Na biyu: riba ta gaskiya

Da muka zauna da Inna muka rubuta aikinta na zagaye ɗaya, ga abin da ya fito. Farashi yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, ku sa naku.

Gyaɗa tiya 10 a kan 1.500: 15.000.
Niƙa: 1.000.
Icce: 1.000.
Ruwa, gishiri, leda da kuɗin kabu-kabu: 1.000.
Duka abin da ya fita: 18.000.

Mai lita 8 a kan 1.500: 12.000.
Ƙuli-ƙuli: 7.000.
Duka abin da ya shigo: 19.000.

Ita a ranta ribarta jikka huɗu ce, don kuɗin gyaɗa kawai take cirewa. A kan takarda jikka guda ce, ta aikin kwana biyu gaban wuta. Cikin wannan ma akwai bashin 1.500 da maƙwabta suka ɗauka ba su biya ba. Wato a wannan zagaye faɗuwar dala ɗari ta yi, tana murna. Haka jari ke narkewa mace ba ta san ta inda ya bi ba, sai ta ce an yi mata baki.

Kaye ɗaya da bik ɗaya sun isa. Shafin hagu abin da ya fita, shafin dama abin da ya shigo, shafin ƙarshe masu bashi da ranar da suka ɗauka. Wadda ba ta iya rubuta kalma ba tukuna ta zana alama: icce, kwalba, tiya, ta sa lamba a gefe. Abin da aka ci a gida daga cikin kayan sayarwa ma a rubuta shi.

Na uku: salula ta wuce gaisuwa

Da yawa cikinmu maɓalli biyu muka sani, kore da ja. Alhali ko ƙaramar salula tana da wurin lissafi, da rediyo, da wurin aje lambobin masu saye. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka koya wa wasu ɗaliban yaƙi da jahilci amfani da ƙaramar salula tare da karatunsu. Waɗanda suka koyi salular sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake: allo yana nan aji, salula kuwa tana ƙugun zane, kullum ana taɓa ta.

Ga abin da ya kamata kowace mace ta iya da kanta: rubuta suna ta aje lamba, karanta saƙon kuɗi, duba abin da ya rage mata, canza lambar sirri. Mai babbar salula ta ƙara da ɗaukar hoton kaya cikin haske bisa tabarma mai tsabta, da aika saƙon murya gajere wanda ya faɗi kaya, farashi da unguwa. In babu babbar salula a gidanki, akwai a ƙungiya. Ɗaya ta isa ta yi wa mata ashirin da biyar talla.

Na huɗu: ƙara wa tsohuwar sana'a sabon hannu

Sau da yawa ba sai an bar sana'a ba, gyara take so. Ku dubi wake. Da kaka yana da araha, zuwa bazara ya yi tsada, amma ƙwari ke hana mu ajiya, ko kuma a zuba masa maganin da ke cutar da mai ci. Akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masu binciken INRAN suka yi aiki a kansa tare da wata jami'ar Amurka: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana shanya wake ya bushe sarai, a duba ledar ba ta huje ba, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban. Iska ta ƙare wa ƙwarin, su mutu, babu ko ɗigon magani. Awa guda ta isa a koyi wannan, amfaninsa kuwa na shekaru ne.

Haka mai zogale za ta koyi busar da shi a inuwa don ya riƙe korensa. Mai kiwon jar akuya ta koyi lokacin allura da haɗa abinci da dusa da kowar wake. Mai gari ta koyi auna shi da sikeli, ta liƙe leda, ta sa takarda mai sunan kaya, nauyi, ranar da aka yi da lambar waya. Kanti a Yamai ba ya karɓar kaya marar suna, komai daɗinsa.

A nan ne ɗan Faransanci ke amfani. A watan Maris na 2025 kundin da ke jagorantar ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa rubutunmu na Hausa daraja, mu riƙe shi da kyau. Amma saƙon kuɗi, rasit da takardun biro har yanzu da Faransanci suke zuwa. Kalma talatin zuwa arba'in, irin su suna, kwanan wata, adadi, sa hannu da ragowar kuɗi, sun isa su fitar da mace kunya.

Ina ilimin yake?

Yana kusa. Rediyon karkara na garinku yana da shirin noma, lafiya da farashin kasuwanni. Studio Kalangou ma yana da shirye-shirye da Hausa. Ki san rana da lokacin shirin, ki saurara da bik a hannu. RECA, wato haɗin ɗakunan manoma na ƙasa, tana ba da shawarar noma da kiwo da Hausa ta waya da saƙon murya. A tambayi ma'aikacin gona na yankinku yadda ake samunsu. Garuruwa da yawa suna da cibiyar koyon sana'a, CFM, kuma akwai asusun FAFPA da ke tallafa wa horon sana'a. A je meri a tambaya, tambaya ba a biyanta. Wadda Allah ya ba ikon zuwa baje kolin SAFEM a Yamai, ko wani baje koli na jiha, kada ta tsaya sayar da nata kawai. Ta zagaya, ta ɗaga kayan wasu, ta dubi yadda suka ɗaure shi da abin da suka rubuta a jiki.

Sai malamai biyu da muka fi rainawa: ɗiyanmu ƴan lekol, da maƙwabciyar da ta fi mu iyawa. Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 haka ta yaɗu, mace ta koya wa mace, ƙauye ya koya wa ƙauye, har tsarin ya kai ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Abin da muka yi da kuɗi za mu iya yi da sani.

A yi hattara

Ba duk abin da ya shigo waya ne ilimi ba. In aka kira ki aka ce kin ci kyauta, ko an yi kuskuren turo miki kuɗi ki maida, ko ki faɗi lambar sirrinki, kashe wayar ki je gishe da ƙafarki. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Akwai kuma masu yawo suna karɓar kuɗin horo da alƙawarin takardar shaida da jari. Mu ma an taɓa cin mu: mata goma sha biyu, kowace jikka biyu, mutumin ya ce zai dawo da kayan aiki, har yau. Kafin ku biya kowa, ku tambayi meri ko sun san shi, ku nemi ganin wadda ya taɓa koya wa.

Abin da ya shafi magani, a tambayi likita. Masu koyon sabulu daga bidiyo su sani soda tana ƙona fata da ido: ana zuba soda cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa kan soda, ba a haɗa ta cikin tukunyar alminiyom, a sa safar hannu, a kori yara daga wurin. Kowane sabon abu a gwada shi da ɗan kaɗan tukuna. Kada a ci rancen asusu a zuba kan abin da aka gani sau ɗaya a waya.

Lokaci da maigida

Na san abin da wasu za su ce: ina lokacin? Gaskiya ne, daga asuba zuwa isha hannun mace bai huta ba. Amma minti goma sha biyar kullum, tsakanin azahar da la'asar ko bayan yara sun kwanta, ya fi awa uku sau ɗaya a wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Maigida kuma a shawarce shi, kada ya ji labari a waje. Nawa da farko cewa ya yi, "Ke da girmanki, me za ki yi da boko?" Na ce, "Malam, don in daina kai wa yaron maƙwabta wayarka ya karanta mana sirrinmu." Ya yi shiru. Yau shi ke miƙo mini takardar asibiti in duba masa ranar komawa.

Ɗiyanmu masu takarda

Ɗiyata ta uku ta samu BEPC, ta zauna gida shekara biyu tana jiran aiki. Na ce ta zo ta riƙa taya sakatariyarmu rubutu. Daga nan ta roƙi wani mai wurin buga takardu ya bar ta ta riƙa zama tana kallo, tana share wuri, in babu mutane ta taɓa kwamfuta. Wata uku babu ko dala. Da wani mai gishe ya nemi yarinya, ya dubi takardarta sau ɗaya ya aje. Ya ba ta kuɗi ta ƙirga, ya karanto lambobi ta rubuta, ya tambayi wa zai tsaya mata. Ƙungiya ta tsaya mata. Tana can yanzu.

Kada wata ta fahimce ni a karkace ta cire ɗiyarta daga lekol. Da ba ta yi lekol ba, da wata ukun nan bai ishe ta ba. Takarda ce ta kai ta ƙofar, abin da ta koya wa kanta ya shigar da ita.

Abin da ƙungiyarmu ta tsara

Mun ƙara minti ashirin bayan an rufe akwati. Kowane sati mace ɗaya ke koyar da abu ɗaya da ta iya, ko ɗaurin buhu ne, ko karanta saƙo, ko awon soda. Babu wadda ake tsallakewa, don babu wadda ba ta iya komai ba. Mun kuma buɗe ɗan asusun ilimi, dabam da na rance da na taimako: kowace dala biyar a sati. Mu 25 ne, wato 625 a sati, 32.500 a shekara. Da shi muke sayen kaye da bik, mu sa wa salular ƙungiya kuɗi, mu biya wa mace ɗaya mota ta je ta koyo abu. Sharaɗi ɗaya ne: in ta dawo ta koya wa kowa, ranar zubi, gaban kowa.

Inna ce ta fara cin moriyarsa. Mun tura ta wurin wata mai yin tigadege a cikin gari, ta kwana biyu. Yanzu ta rage yin mai, tana yin tigadege cikin roba mai murfi, tana daka ƙuli-ƙuli ta sayar wa masu tsire da kilo. Gyaɗar ma da kaka muka saya tare, lokacin da take da sauƙi. Jikarta ke ɗaukar hoto, ita kuma ta hana bashi sai wanda aka rubuta. Ba ta yi arziki ba, man jarka ma yana nan bai tafi ko'ina ba. Amma ta biya zubin da ake bin ta har da tara, kuma ran rabo, maimakon dangwala yatsa, ta karɓi bik ta rubuta sunanta. Ta daɗe tana rubutawa, muka jira ta.

A zamanku mai zuwa, bayan an ƙirga kuɗi an rufe kwaɗo, ku yi wa kowace mace tambaya biyu, sakatariya ta rubuta amsa: me kika iya da za ki koya mana, kuma me kike so ki iya kafin rabo mai zuwa? Ku aiko wa wannan jarida abin da ya fito, don wata ƙungiya a Tasawa ko Ƙonni ko Mirya ta san inda za ta samu malama.

Allah ya sa albarka cikin zubinmu, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.